Iguwana a falon Yamai: kada a saya, wadda ta shigo a nema mata mariƙi

Kiwo a jininmu yake. Da wuya ka shiga gida a Bukoki ko Talaje ko Lazare ka rasa abin da ake zuba wa dusa: rago ɗaure a gindin dogon yaro yana jiran Babbar Salla, akurkin kaji a bayan madafa, tantabaru a kan soro, wani gidan har da kunkuru yana jan ƙafa a tsakar gida. Wannan kiwo gadonsa muka yi. Mun san cinsa da shansa, mun san cutarsa, in ta gagare mu akwai likitan dabbobi da ya karanci abin. Amma tun da salula ta shiga hannun kowa wani sabon kiwo ya kunno kai, kiwon burga. Yaro ya ga bidiyo a TikTok, wani can a ƙasar waje da ƙaton koren ƙadangare a kafaɗa yana ba shi ayaba a baki, sai ya kwana da abin a ransa. Gobe a fada, ana zagayen shayi, hira ta koma wa ya san mai kawowa daga Kwatano ko Lome. Iguwana, wato wannan koren ƙadangare, ba ta yi yawa a garin nan ba tukuna, shi ya sa nake ganin yanzu ne lokacin magana.

Ra'ayina ba shi da kwana-kwana. Kada kowa ya fid da kuɗinsa ya sayi iguwana a Yamai. Waɗanda suka riga suka shigo kuwa, a nema masu mariƙi na gari, kyauta, ba ciniki, shi ma mariƙin sai in gidansa ya cika wasu sharuɗɗa. Kuma duk gidan da ke da dabba mai jan ciki, iguwana ce ko kunkuru, ya san cewa akwai wata tsabta da ta wajaba a kansa wadda mai kiwon rago ba ya buƙata.

Mutane da yawa in sun gan ta sai su ce ai damo ne aka shafa wa kore. Wannan kuskure kaɗai ya isa ya kashe ta. Damo yana cin ƙwari da dodon koɗi da ƙwai, guza na bakin gulbi har kifi da mushe yana ci. Iguwana ganye take ci, da fure, da ɗan abin da ya samu na ƴaƴan itace. Wanda ya dinga ba ta nama ko ƙwai ko abincin kare don ta yi saurin girma, ƙodarta yake lalatawa sannu a hankali. Asalinta dazuzzukan ruwa ne na nahiyar Amurka, daga Meziko har Barazil da Paraguwai, da wasu tsibiran Karibiyan. A can rayuwarta a kan itace take, a reshen da ya leƙa kan ruwa, in ta ji tsoro ta saki jiki ta faɗa kogi ta yi iyo abinta.

Abin da mai sayarwa zai nuna maka ɗan jariri ne, kore shar, tsawonsa da wutsiya bai fi taƙi ɗaya ba, ya kwanta lumui a tafin hannu. Ba zai gaya maka cewa wannan ɗan abu, in ya samu kulawa, cikin ƴan shekaru zai kai mita ɗaya da rabi, wani har kusan mita 2, ga nauyin kilo da yawa. Ba zai gaya maka yana iya kai shekara 15 zuwa 20 a raye ba. Yaron da ya matsa wa ubansa lamba aka saya masa yana ajin farko na kwaleji, zai gama jami'a, ya yi aure, ya haihu, dabbar tana nan tana jiran ganyenta na safe. Haƙoranta kamar zarto suke, faratan hawan itace gare ta, wutsiyar kuma bulala ce ta gaske. Namijin in ya balaga, lokacin barbara ya zo, launinsa kan koma ja-ja, halinsa ya canza, wanda ya raine shi ma bai tsira daga cizo ba. Macen kan yi cikin ƙwai ko ba namiji, kuma in ba ta samu ƙasa mai laushi da za ta tona ta zuba ba, ƙwan na iya maƙale mata, sai an yi mata aiki. A nuna mini wanda zai yi wa ƙadangare tiyata a garin nan. Likitocinmu na dabbobi gwanaye ne a kan shanu da raƙuma da awaki da kaji, don su ne arzikin ƙasa, kuma a kansu aka horar da su. Ba laifinsu ba ne.

Wani zai ce ai ƙasarmu ƙasar zafi ce, dabbar zafi kuwa gida ta zo. Zafi da zafi ba ɗaya ba ne. Iguwana tana son ɗumin digiri 30 zuwa 35 da inuwar da za ta koma in ta gaji, tana kuma son iska mai laima, wajen kashi 70 cikin ɗari. Mu kuwa daga hunturu zuwa bazara laimar iskarmu takan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓen mutum ma tsagewa yake, sannan a watan Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40. A irin wannan iska jikinta bushewa yake, saɓar da take yi ba ta fita duka, tsohuwar fata ta shaƙe yatsu da bakin wutsiya har su mutu su guntule. Sai a ce to a shigar da ita falo cikin akwatin gilashi, a kunna mata na'urar sanyi. Nan kuma wata matsalar ke jira. Kamar mu, sai hasken rana ya taɓa fatarta jikinta ke haɗa sinadarin da ke sa ƙashi ya yi ƙwari, kuma ɓangaren hasken da ke wannan aiki ba ya ratsa gilashi. Dabba na iya kwana ta wuni a bakin taga a garin da rana ta fi komai araha, ƙasusuwanta suna laushi don rashin rana. In kuma aka ɗauki akwatin gilashin aka ajiye a tsakar gida da tsakar rana, tanda ya zama, kafin la'asar an gama da ita. Akwai fitila ta musamman da ke maye gurbin rana, amma daga waje ake kawo ta, ƙarfinta yana raguwa cikin watanni ko da tana ci gaba da haske, kuma kowa ya san yadda kuran, wato wutar lantarki, yake a garin nan lokacin zafi.

Na ga irin wannan da idona a gidan wani ɗan'uwa a Kwara Kano. An ajiye ta a akwatin kifi kusa da talabijin, an shimfiɗa mata yashi, ga ganyen salati da ya yi yaushi da guntun burodi a faranti. Muƙamuƙinta na ƙasa ya kumbura ya yi laushi, bakin ba ya rufuwa daidai, ƙafafun baya sun yi ɓul-ɓul, in za ta matsa sai ta ja ciki, yatsunta na rawa. Ɗan gidan ya ce mini, “Kawu, ka ga yadda ta yi ƙiba? Ci take sosai.” Kumburin ciwon ƙashi yake kira ƙiba. Yaron yana son dabbarsa, ba mugu ba ne, babu dai wanda ya gaya masa. Ganyen salati kusan ruwa ne zalla. Abin da take buƙata ganyaye ne masu kauri kala-kala, da irin su kuɓewa da kabewa, a yayyanka kullum, a barbaɗa garin sinadarin ƙashi, ƴaƴan itace kaɗan kawai. Wannan aiki ne na kowace safiya har shekara ashirin.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a gidan nan ba a falo na gan shi ba. Da na fito zan tafi, sai na tarar da yarinyar da ke masu aiki a bakin famfo, ta zubar da ruwan kwanon da dabbar ke wanka a ciki, ruwa ya yi dumu-dumu da kashi, don iguwana ta fi son yin bayan gida cikin ruwa. Ta ɗauki soson da ke gefen kwanukan abinci ta goge kwanon, ta ɗauraye, ta mayar da soson inda yake. Kusa da ita ga robar wankan jariri a kife, ga kofin kokonsa cikin kayan wanke-wanke. Na ce, “Ƴata, wannan soson na kwanuka ne?” Ta ce, “E, Baba, Hajiya ta ce in wanke komai tare in gama da wuri.”

Mafi yawan dabbobi masu jan ciki, iguwana da kunkuru da damo da maciji da hawainiya, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu. Su ba ta cika damunsu ba, dabba na iya zama garau alhali tana zubar da ƙwayar a kashinta. Daga kashi ta hau fata da farata, ta hau kwano da katako da kujera da labule, kuma tana iya daɗewa a busasshen wuri ba ta mutu ba. Ba a raba dabbar da ita. In aka ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, abin da za a samu shi ne ƙwayar da ta daina jin magani. In aka gwada kashinta yau ba a gani ba, wannan ba shaida ba ce, don ba kullum take fitowa ba. Saboda haka ƙa'idar masana guda ce: ka ɗauka kowace tana da ita.

Babba mai lafiya in ya kamu, zawo ne da zazzaɓi da murɗar ciki, su fara daga sa'o'i 6 zuwa kwana 6 bayan ƙwayar ta shiga, su ɗauki kwana 4 zuwa 7, yawanci ya warke. Ga jariri labarin daban ne. Ƙwayar na iya tsallake hanji ta shiga jini, ta kai ga sanƙarau. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko tsoho da ya haura 65, ko mai raunin garkuwar jiki, bai dace da irin wannan dabba ba. Tun 1975 ƙasar ta hana sayar da ƙananan kunkurun ruwa waɗanda ƙoƙonsu bai kai wajen santimita 10 ba, don yara na wasa da su har su kai baki. Kuma ba sai an taɓa dabbar ba. A 1996, a gidan namun daji na birnin Denba a Amurka, mutane da dama, akasarinsu yara, sun kamu bayan sun je kallon ƙaton damon nan na tsibirin Komodo. Ba su taɓa shi ba, katakon shingen da aka kewaye shi da shi suka dafa. Da aka bincika, sai aka ga waɗanda suka wanke hannu bayan kallo sun fi tsira.

To wannan a ƙasar da yara ke ƙoshe ke nan, ga ruwa a famfo dare da rana. Mu dubi namu gidajen. Likitoci sun daɗe da sanin cewa a Afirka ta kudu da Sahara irin wannan salmonela tana cikin manyan masu shiga jinin yara, musamman yaron da zazzaɓin cizon sauro ya raunana, ko mai tamowa, ko mai ƙarancin jini. Masu amosanin jini, waɗanda muke kira ƴan emasi, ita ce kan gaba wajen sa masu ciwon ƙashi mai ruɓa, kuma mun san yawansu a cikinmu, tunda har cibiya ta musamman gare su a nan Yamai. Gidan Bahaushe kuma ba gidan mutum ɗaya da karensa ba ne. Akwai kaka, akwai mai jego, akwai ƴaƴan maƙwabta da ke shigowa ba sallama, akwai mai rarrafe da duk abin da ya tsinta sai baki. Da hannu muke cin tuwo, kwano ɗaya, mutum biyar. A tabarma ɗaya ake zama, a yi salla, a shanya tsaba. Sharaɗin da Amurkawa suka gindaya, in aka auna shi da gidajenmu, gida nawa zai haye?

Wanda duk da haka yake da irin wannan dabba a hannunsa, tsabtar da ake nema gare shi ba ta da wuyar fahimta, riƙe ta kullum ne wuya. Duk lokacin da ya taɓa dabbar, ko kejinta, ko kwanonta, sai ya wanke hannu da sabulu, wanki na sosai har ƙarƙashin farce. Ɗauraya da buta ba ta wadatar ba, alwala ma ba ta tsaya a madadin sabulu ba. Dabbar ta samu bokitinta da sosonta da tsintsiyarta, a sa masu alama, kada su kusanci madafa ko wurin wanke-wanke. Ruwan wankanta a zuba shi a masai, ba a tsakar gida inda yara ke wasa ba, ba a lambun salati ba, ba a kwatar ƙofar gida ba. A wanke keji da sabulu, a bi da ruwan jabel da aka sirka, a ɗauraye sosai kafin a mayar da ita. Ba a sumbatarta, ba a ɗora ta kan gado don hoto, ba a ci ko a sha ana riƙe da ita, rigar da ta hau kuma a cire kafin a ɗauki jariri. Sannan, wannan na fi jaddadawa, mai dabba shi ne mai kwashe kashinta. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Zalunci ne a ce Alhaji ƙarami ne ke ɗaukar hoto da ita yana sawa a WhatsApp, yarinyar da aka kawo daga ƙauye, wadda ba a gaya mata komai ba kuma ita ce ke dama kokon yara, ita ce ke sa hannu cikin ƙazantar.

Mu dawo kan saye. Iguwana tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa wa ido tun 1977, Nijar kuma tana cikin wannan yarjejeniya tun 1975. Ma'anar haka ita ce ba ta tsallake iyakar ƙasa sai da takardar izini daga ƙasar da ta fito. Mu kanmu muna da dokar 1998 da ta tsara farauta da kare namun daji, kuma jami'an gandun daji ne ke riƙe da ita. Ka tambayi mai tallar iguwana a waya takardarta, ka ji abin da zai ce. Dabbar da ta iso ba takarda, a kwali ko a jaka ta iso, a ƙarƙashin kujerar mota, kwana da kwanaki ba ruwa. Wadda ka gani a hannunsa ita ce ta kai labari, sauran ba za a nuna maka su ba. Kuma ɗan kasuwa lissafi yake. In ya kawo biyar suka ƙare cikin mako, zuwa na gaba ashirin zai kawo.

Nan ne masu tausayi ke faɗawa tarko. Mutum ya ga dabba a keji ta rame, ƙudaje na binta, sai ya ce bari in saya in cece ta. Niyyar mai kyau ce, ina kuma girmama ta. Amma kuɗin da ya miƙa ba ya ɗauke da niyya. A wurin mai sayarwa ciniki ne ya faɗa, har ya koyi cewa dabbar da ta fi ban tausayi ta fi saurin shiga. An ceci ɗaya, an yi odar goma. Wanda abin ya dame shi da gaske, ya kai maganar ga jami'an gandun daji, ko ya ce da mai ita in ta gagare ka ka ba ni kyauta. Da yawa za su ƙi. Haka ne, kuma wata za ta mutu a hannunsu ana kallo. Wannan ɗaci ne da babu yadda za a yi da shi, amma ya fi a buɗe kasuwa.

Akwai kuma mai cewa dukiyata ce, halal ɗina, in ga dama in sayi giwa. Addini bai hana ajiye dabba don sha'awa ba. Ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) har yakan tambaye shi labarinsa cikin raha. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Tsarewa ita ke jawo hakki. Wanda ya ɗauko dabba daga wata nahiya, ya kulle ta inda ba za ta samu rana ko laima ko abincin da jikinta ke so ba, ya cika mata ciki da burodi, ni dai ban ga yadda zai ce ya ciyar ba.

In ta girma ta gagara fa? A nan ne take zama ƙadangaren bakin tulu, a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Abin da mutane suka fi yi a duniya shi ne su kai ta bayan gari da dare su saki, su ce sun ba ta ƴanci. Jihar Fulorida ta Amurka ta ga sakamakon haka. Tun shekarun 1960 iguwana ta fara yaɗuwa a can, tana cinye shuke-shuke, tana tona ramuka a ƙarƙashin hanyoyi da katangun bakin ruwa, har a 2021 hukuma ta sa ta cikin dabbobin da aka hana saye a ajiye a gida. A tsibirin Giran Kayman na yankin Karibiyan, wanda bai kai girman wasu gundumominmu ba, gwamnati ta fara biyan mafarauta a kan kowane kai a 2018, aka kashe fiye da miliyan ɗaya. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai 20 zuwa 70 a shekara. Gaskiya ranin Yamai ya fi ƙarfin wadda aka saki a fako, ƙishirwa ko karnuka ko duwatsun yara za su gama da ita, wato sakin ma kisa ne. Amma bakin gulbi daban ne: lambuna, mangwaro, ruwa duk shekara, daga Gudel har Saga. Ba na son masu lambun nan su zama wurin gwaji. Irin kainuwar nan mai shuɗin fure da ke toshe gulbi tana hana masunta jefa taru, ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, kuma don kyan furenta mutane suka yaɗa ta a duniya.

Saura riƙo. A Turai da Amurka akwai gidajen da ke karɓar dabbobin da masu su suka gaji da su, mai so ya je ya ɗauka bayan an yi masa tambayoyi. Mu ba mu da wannan ga dabbobi masu jan ciki. Gidan tarihi na Bubu Hama yana da nasa namun da yake fama da ciyarwa, ba juji ba ne da kowa zai kai abin da ya ishe shi. Amma riƙo ba baƙon abu ba ne gare mu, mun san yadda ake ba da amana da yadda ake karɓa. Baƙon da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, ɗalibin da ya samu karatu a waje, gidan da aka yi haihuwa aka ga dabbar ba ta zamuwa: waɗannan su ne hanyar da ta dace iguwana ta canza hannu. Bambancinsa da saye a fili yake. Riƙo bai ƙara ko ɗaya a kan waɗanda ke ƙasar ba, bai sa kuɗi a aljihun mai fasa-ƙwauri ba, kuma mai karɓa babba yake gani da idonsa, da girmanta da halinta, ba ɗan jaririn da zai yaudare shi ba.

Sai dai kada riƙon ya zama saye da wani suna. In aka ce kawo kuɗin keji, kawo kuɗin wahala, kawo na goro, an koma gidan jiya. Mai bayarwa ya haɗa da keji da fitila da duk takardar da ke akwai, ya faɗi gaskiyar shekarunta da abin da take ci da ko tana cizo. Shi kuma ya je ya ga gidan da za ta koma, kamar yadda ba a ba da riƙon ɗa sai an san hannun da zai shiga. Akwai jariri ko mai ciki ko ɗan emasi a gidan? To a haƙura. Akwai filin da za a gina mata keji na waya mai tsawon mita 3 da tsayin da ya fi mutum, rabi rana rabi inuwa, da reshen hawa da kwamin ruwa? Akwai mai yayyafa mata ruwa safe da yamma lokacin hunturu, ya shigar da ita wuri mai ɗumi a daren sanyi? Gidan haya ne da za a iya tashinsa wata mai zuwa? In mace da namiji ne, a raba su, in ta zuba ƙwai kada a bari su ƙyanƙyashe. Mutanen da za su cika waɗannan a Yamai ba su da yawa, amma iguwanar da ke garin ma ba ta da yawa, in dai an daina kawo sababbi lissafin zai daidaita.

Ina wannan magana a kan baƙuwar dabba, amma duk abin da na faɗa ya hau kan kunkurun da ke gidajenmu, wanda ya fi iguwana yawa nesa ba kusa ba. Babban kunkurun nan na Sahel shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu a duniya, yana haura shekara 70, kuma yanzu yana cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a daji, saboda kamu da kuma ƙarancin wurin kiwo. Tun shekarar 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa waje don kasuwanci. Haka ƙadangaren nan mai ƙayar wutsiya na duwatsun Ayar, masu sha'awa a Turai da Amurka suna nemansa kamar yadda yaranmu ke neman iguwana. Mu ake kwasar namu a kai inda sanyi zai kashe su, mu kuma muna neman na wasu mu kawo inda rani zai kashe su. A gidaje da yawa za ka ga an huda gefen ƙoƙon kunkuru an zura igiya, alhali ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya. Za ka ga yaro ya hau bayansa da ƙosai a hannu. Wanda ya gaji kunkuru a gidansu ya riƙe shi da kyau, ya ba shi ciyawa da wurin tona rami, ya raba shi da wurin girki. Wanda ba shi da shi kada ya tsaya a bakin hanya ya saya daga hannun yaron da ya ɗauko daga daji.

Hukuma tana da abin yi, kuma ba mai tsada ba ne. Masu tallar dabbobi a Facebook da WhatsApp ba ɓoye suke ba, lambobinsu na nan a fili, a tambaye su takarda. Jami'an duwan a Gaya da filin jirgin sama na Diori Hamani a nuna masu hoton abin da ake nema. A ba masu irin waɗannan dabbobi dama su zo su yi rajista ba tare da tsoron tara ba, don wanda ya ji tsoro gulbi zai nufa da dare. A asibitocin unguwa kuma, in aka kawo yaro da zawo da zazzaɓi, bayan tambayar ruwan da ya sha da abin da ya ci, ma'aikacin lafiya ya ƙara da tambayar ko akwai kunkuru ko wani mai jan ciki a gidan, da kuma wanda ke wanke masa kwano.